Me ya sa sabon dandalin kallon finafinai ba ya buɗewa a duk ƙasashe lokaci ɗaya?

Ɗan Makaranta ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar dandalolin kallon finafinai ta intanet, wato irin waɗanda ake biyan kuɗin wata-wata a kalli abin da ake so a waya ko kwamfuta ko talabijin. A cikin watan Nuwamba na 2019 an buɗe manyan dandaloli biyu, kwana goma sha ɗaya ne kawai tsakaninsu. Apple TV+ ya fara aiki ranar 1 ga watan a ƙasashe fiye da 100 a rana guda, shi kuwa Disney+ da ya zo ranar 12 ga watan, ƙasashe uku kawai ya buɗe wa ƙofa, wato Amurka da Kanada da Holan. Birtaniya da Jamus da Italiya sai da suka jira har watan Maris na 2020, Latin Amurka har Nuwamban wannan shekara, Afirka ta Kudu da ƙasashen Larabawa kuwa sai wajen tsakiyar 2022.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, intanet ɗaya ce, manhajar ɗaya ce, finafinan kuma mallakar kamfanin ne. Disney ya fi Apple tarin finafinai nesa ba kusa ba, ya kuma daɗe yana sayar da hajarsa a duniya, to me ya hana shi buɗewa ko'ina a rana ɗaya kamar yadda abokin gasarsa ya yi? Matsalar fasaha ce, ko ta kuɗi, ko kuwa dai wasu kasuwannin ne ba a ɗauke su da muhimmanci ba? Tambaya ta biyu da ke haɗe da wannan ita ce, ko a ƙasashen da dandali ya buɗe, me ya sa jerin finafinan da ake gani a wannan ƙasa yake bambanta da na waccan, alhali sunan dandalin ɗaya ne? Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka da bayani.

Malam Sabo ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, amsar tana cikin maganar da ka yi cewa finafinan mallakar kamfanin ne, domin a nan ne yawancin mutane suke rasa gane lamarin. Mallakar fim daban, ikon nuna shi a wata ƙasa a wani lokaci kuma daban. Tun kafin zuwan intanet, kamfanonin finafinai suna sayar da izinin nunawa ne ƙasa-ƙasa, kuma zango-zango: da farko gidajen sinima, sannan sayar da faifai, sannan tashoshin talabijin na biya, daga baya tashoshin kyauta. Kowane zango yana da kwantiraginsa, galibi na shekaru masu yawa, kuma sau da yawa kwantiragin yana cewa wanda ya saya shi kaɗai ne zai nuna a wannan ƙasa har wa'adin ya cika. Lamarin kamar mai gida ne da ya ba da hayar gidansa na shekara biyar ya karɓi kuɗi. Gidan nasa ne babu musu, amma ba shi da ikon kwashe kayansa ya tare a ciki sai lokacin ɗan haya ya ƙare.

Saboda haka tarin finafinan da ka ɗauka shi ne ƙarfin Disney, shi ne ma ya ɗaure masa ƙafa. Kamfanin ya shafe shekaru da dama yana ba tashoshi daban-daban a duniya lasisin finafinansa. A Amurka kanta yana da yarjejeniya da Netflix wadda ta fara aiki a 2016, kuma sai a watan Agusta na 2017 ya sanar cewa zai janye sababbin finafinansa daga can domin ya kafa nasa dandalin. Ka ga tsakanin wannan sanarwa da buɗewa an ɗauki fiye da shekara biyu, a ƙasar da kamfanin ya fi ƙarfi ke nan. A kowace ƙasa kuma akwai irin wannan igiya da sai an kwance, ko dai a jira wa'adi ya ƙare, ko a biya kuɗi a sayi izinin a dawo da shi. Ga kuma sayen kamfanin 21st Century Fox da aka kammala a watan Maris na 2019 a kan dala biliyan 71.3, wanda ya zo da nasa tarin finafinai da nasa tarin tsofaffin kwantiragi.

Apple ba shi da wannan nauyi ko kaɗan. Ranar da ya buɗe, shirye-shiryen da ke kansa ana iya ƙirga su da yatsu, duk sababbi ne, shi ya biya kuɗin yin su, bai taɓa sayar wa kowa izininsu ba. Wanda bai yi wa kowa alkawari ba yana iya shiga ƙasa 100 a rana ɗaya. Disney+ kuwa ya fara ne da finafinai kusan 500 da kashi-kashi na shirye-shiryen talabijin kusan 7,500, kuma da ya buɗe a wata ƙasa da rabin wannan jeri a kulle, da mutane sun biya sun shiga sun tarar babu abin da suka zo nema.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na dandalin HBO Max. Ya fara aiki a Amurka ranar 27 ga Mayu, 2020, ya isa Latin Amurka a watan Yuni na 2021, ya shiga Sifen da ƙasashen arewacin Turai a watan Oktoba na wannan shekara, amma ya tsallake Birtaniya da Jamus da Italiya, alhali suna cikin kasuwannin da suka fi maiƙo a nahiyar. Dalili kuwa sananne ne: kamfanin talabijin na Sky ne ke riƙe a lokacin da izinin nuna shirye-shiryen tashar HBO a waɗannan ƙasashe, a bisa yarjejeniyar da ta kai ƙarshen 2025. Babu wanda zai ce an raina kasuwar Birtaniya ko ta Jamus, kwantiragi ne kawai ya tsare hanya. Ko Netflix ma, lokacin da ya shiga Faransa a watan Satumba na 2014, wani shirin siyasa mai dogon zango da ya yi masa suna a Amurka ba ya cikin jerinsa na can, domin tashar Canal+ ta riga ta sayi izininsa. Wannan shi ne kuma amsar tambayarka ta biyu, domin kowace ƙasa tana ganin abin da ba a sayar wa wani ba ne a cikinta.

Injiniya Kabiru ya amsa:

Malam Sabo ya kawo babban dalili, kuma na yarda da shi, sai dai ina ganin bai kamata a sallami ɓangaren fasaha da sauri haka ba. Maganar cewa intanet ɗaya ce gaskiya ce a takarda, amma bidiyo kaya ne mai nauyi. Kallon awa ɗaya da hoto matsakaici yana cin kusan gigabait 1, da hoto mai kyau yana iya kaiwa gigabait 3, mafi kyawun hoto kuwa har 7. Idan miliyoyin mutane suka danna kallo da daddare a lokaci guda, ba zai yiwu a ce dukkansu daga rumbun kwamfuta ɗaya da ke wata nahiya suke jawo fim ɗin ba, domin hoton zai riƙa tsayawa yana juyawa, mai kallo kuma ba ya haƙuri da wannan fiye da 'yan mintuna. Abin da ake yi shi ne a ajiye kwafin finafinan a na'urori da ke kusa da masu kallo. Netflix ya fara nasa tsarin mai suna Open Connect a 2012, inda yake ba kamfanonin intanet na'urorin ajiya su saka a cikin cibiyoyinsu, ana cika su da finafinai a lokacin da mutane suke barci, ta yadda idan ka danna kallo, fim ɗin daga kusa yake zuwa. Wannan aikin shekaru ne ya sa ranar 6 ga Janairu, 2016 ya iya ƙara ƙasashe 130 a tashi ɗaya, bayan ya fara da Kanada a 2010, Latin Amurka a 2011, Birtaniya da Ailan a 2012.

Disney bai da irin wannan gogewa, shi ya sa ya sayi rinjayen hannun jari a kamfanin BAMTech a 2017, kamfanin da ya samo asali daga watsa wasannin ƙwallon gora na Amurka, wato baseball, ta intanet. Kuma ba banza aka ga Holan a cikin ƙasashe ukun farko ba: tun watan Satumba na 2019 aka buɗe dandalin kyauta a can domin gwaji, kasancewar ƙasa ce ƙarama mai intanet mai ƙarfi, wadda mutanenta suka saba kallon finafinan Turanci da fassara a rubuce a ƙasan allo. Duk da wannan gwaji, a ranar buɗewa mutane da yawa sun kasa shiga na tsawon sa'o'i, kamfanin kuma ya sanar cewa mutum miliyan 10 ne suka yi rajista zuwa washegari. Idan ƙasa uku sun girgiza na'urorin haka, sai a auna abin da ƙasa ɗari za su yi.

Akwai kuma abin da ya faru a watan Maris na 2020, lokacin kullen korona. Kwamishinan Tarayyar Turai na lokacin, Thierry Breton, ya roƙi dandaloli su rage nauyin bidiyonsu domin kada layukan intanet su cushe a lokacin da jama'a ke aiki da karatu daga gida. Netflix ya rage kusan kashi 25 cikin ɗari, Disney+ ma ya buɗe a Turai ranar 24 ga Maris da ragin nauyi, a Faransa kuwa gwamnati ta nemi a ɗage buɗewar, aka mayar da ita 7 ga Afrilu. Wannan jinkiri ba shi da alaƙa da haƙƙin mallaka ko kaɗan. Sai a haɗa da aikin fassara da ɗora murya, wanda a finafinan yara ba a iya kauce masa tunda yaro ƙarami ba ya karanta rubutun ƙasan allo, da haɗa manhaja da hanyoyin biyan kuɗi na kowace ƙasa, da ɗaukar ma'aikatan amsa koke a harsunan masu kallo.

Hajiya Turai ta amsa:

Assalamu alaikum. Malamai biyu sun yi bayani mai gamsarwa, amma akwai ɓangare na tambayar ɗanmu da aka kewaye, kuma ina ganin ya cancanci amsa kai tsaye. Ya tambaya ko wasu kasuwannin ne ba a ɗauke su da muhimmanci ba. Ni a ganina akwai ƙamshin gaskiya a wannan zato, kuma bai kamata a lulluɓe shi da maganar kwantiragi ba. Kwantiragi yana bayyana dalilin da ya sa HBO Max ya daɗe bai shiga Birtaniya ba, amma ba ya bayyana dalilin da ya sa ƙasashe da dama suke zama a ƙarshen layi a kusan kowane sabon dandali, wasu ma ba a taɓa ambaton ranarsu. A nan lissafin riba ne yake aiki. Kamfani yana duba yawan gidajen da ke da intanet mai ƙarfi, da yawan masu katin banki da ke karɓar cirewar wata-wata, da kuɗin da mutum zai iya biya ba tare da ya ji a jikinsa ba, sannan ya jera ƙasashe daga mai tsoka zuwa marar tsoka.

Indiya ta nuna cewa idan kamfani yana son kasuwa da gaske, yana nemo hanya. Netflix ya fito da tsarin kallo a waya kaɗai a can a watan Yuli na 2019 a kan rufi 199 a wata, wanda bai kai dala uku ba. Disney kuwa bai gina sabon abu ba, ya shiga ne ranar 3 ga Afrilu, 2020 ta cikin Hotstar, dandalin da ya gada daga sayen Fox, wanda ya riga ya tara dubban dubatan masu kallo saboda gasar kurket ta IPL. Da izinin nuna gasar ta intanet ya koma hannun kamfanin Viacom18 a gwanjon 2022, masu rajista suka ragu da miliyoyi. Darasin da ke nan shi ne, abin da ke riƙe mai kallo a wata ƙasa ba lallai ne ya zama abin da kamfanin yake taƙama da shi a gida ba, kuma dandalin da ya zo ba tare da wani abu na mutanen wurin ba yana shan wuya.

Sannan akwai dokokin ƙasashe, waɗanda su ma suna da ƙarfi. Tarayyar Turai ta yi doka a 2018 cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na jerin kowane dandali ya zama ayyukan Turai ne. Faransa ta ƙara da nata a 2021, inda ta wajabta wa dandaloli zuba kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na kuɗin da suka samu a ƙasar cikin shirya finafinan Faransa da na Turai, kuma tana da ƙa'idar da ke tsara tsawon lokacin da fim zai jira bayan fitowarsa a sinima kafin ya hau dandali, wanda a da wata 36 ne, aka rage shi a 2022 zuwa wata 15 ga Netflix da 17 ga wasu. Ni ina goyon bayan irin waɗannan dokoki, ko da suna jawo jinkiri, domin ƙasar da ta buɗe ƙofa ba tare da sharaɗi ba, kuɗin masu kallonta ne zai riƙa fita waje, masu shirya finafinanta kuma su zama 'yan kallo. Wani wurin kuma ba sharaɗi ba ne, rufe ƙofa ne gaba ɗaya. A faɗaɗawar Netflix ta 2016 an bar Sin a waje saboda dokokinta, an bar Siriya da Koriya ta Arewa da Kirimiya saboda takunkumin gwamnatin Amurka. A Indunusiya kamfanin sadarwa na gwamnati, Telkom, ya toshe shi tun a watan Janairun 2016 bisa batun izini da tace finafinai, bai buɗe ba sai a watan Yuli na 2020.

Ɗan Makaranta ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam Sabo da Injiniya da Hajiya, Allah ya ƙara ilimi. Yanzu na fahimci cewa Apple ya yi sauri ne saboda kayansa ba su da yawa kuma babu hannun kowa a kansu. Saura abu ɗaya. Na ga ana yawan ba da shawarar amfani da VPN domin mutum ya bayyana kamar yana wata ƙasa, ya shiga dandalin da bai iso inda yake ba. Tunda mutum zai biya kuɗinsa cif, ba satar fasaha ya yi ba, me ya sa kamfanonin suke yaƙi da hakan maimakon su yi murna da ƙarin abokin ciniki?

Malam Sabo ya sake amsawa:

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana komawa ne ga wanda ya sayi izini. Ɗauki tashar da ta biya kuɗi masu yawa domin ita kaɗai ta nuna wani shiri a ƙasarta. Idan mutanen ƙasar suna iya kallon shirin ta wani dandali na waje, abin da ta saya ya rage daraja, kuma tana da hujjar tuhumar wanda ya sayar mata. Shi ya sa kwantiragin kan tilasta wa dandali ya tsare iyaka, ko yana so ko ba ya so. Netflix ya daɗe ana ganin yana sassauci a kan wannan, amma a watan Janairu na 2016, 'yan kwanaki bayan faɗaɗawarsa, ya sanar cewa zai tsananta toshe masu shigowa ta irin wannan hanya. Yadda ake ganewa ba ɓoyayye ba ne: idan dubban asusu suna shigowa daga adireshin intanet ɗaya da aka san na cibiyar ajiyar bayanai ne ba na gida ba, sai a saka shi cikin jerin toshewa. Ana kuma duba ƙasar da katin banki ya fito, da ƙasar da asusun kantin manhajoji yake.

Don haka shawarata ita ce kada ka gina lissafinka a kan wannan hanya. Ta saɓa wa sharuɗɗan da mutum ya amince da su lokacin rajista, tana iya aiki yau ta tsaya gobe bayan an riga an biya kuɗi, kuma manhajojin VPN na kyauta da yawa suna tattara bayanan masu amfani da su. Ban ɗauki mai yin haka da kuɗinsa daidai da mai sauke fim ɗin sata ba, kuma na yarda cewa tsarin yana cutar da mai kallon da ya shirya biya amma aka ƙi karɓa. Sai dai gyaran ba a hannun VPN yake ba. Tarayyar Turai ta nuna cewa doka tana iya sassauta iyakar, domin tun ranar 1 ga Afrilu, 2018 duk wanda ya yi rajista a ƙasarsa yana da ikon kallon jerin ƙasarsa idan ya yi tafiya ta ɗan lokaci zuwa wata ƙasar Tarayyar, ko da yake dokar ba ta ba shi ikon sayen rajistar wata ƙasa daga gida ba.

Idan kana son hasashen lokacin da wani dandali zai iso wata ƙasa, ka duba wace tasha ce ke nuna sababbin shirye-shiryen kamfanin a can yanzu. Kafin Disney+ ya buɗe a ƙasashen Larabawa ranar 8 ga Yuni, 2022, kamfanin OSN ne yake nuna sababbin shirye-shiryensa a yankin tun 2020. Muddin irin wannan yarjejeniya tana da rai, da wuya dandalin ya zo da kansa, idan kuma ka ga shirye-shiryen sun fara ɓacewa daga tashar ɗaya bayan ɗaya ba a sabunta ba, to alama ce cewa ana tattara izini domin buɗewa. Wani lokacin kuma dandalin ba ya zuwa da sunansa sam, sai ya haɗa kai da wani, kamar yadda masu dandalin Peacock da masu dandalin Paramount+ suka haɗa SkyShowtime a 2022 domin ƙasashen Turai fiye da 20.